Kai yara gidan zu na Garwa a Kamaru ke kaɗai

'Yar'uwa, kin ce maigida ya yi tafiya, ga yara uku, babban shekara 6, ƙaramar 2, kina tsoron kai su gidan zu ke kaɗai. Zai yiwu, na sha yi.

Ki yi sammako. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, kafin azahar yara sun galabaita, sai kuka. Ki goya ƙaramar, hannuwanki biyu na manyan ne. Ruwa ya fi kayan ciye-ciye muhimmanci. Ni har lambar wayata nake rubutawa in sa a aljihun babban.

Inda ake kuskure wajen birai ne. Ɗana ya taɓa miƙa gyaɗa ta tsakanin wayar keji, kafin in juyo biri ya cafke hannun rigarsa, ni ina can ina ɗaukar hoto. Kada ki ɗaga yaro bisa shinge wai ya gani da kyau.

In dabba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, ki wanke da ruwa da sabulu minti 15, ki wuce asibiti ranar, saboda cutar haukan kare, ko da ciwon ƙarami ne.