Gidajen bakin tafki a Finland: amsa ga Kawu

Kawu, ka ce an gaya muku 'ya'yanku da suka yi aure cikin mutanen Finland suna zuba kuɗi a tsofaffin ɗakunan katako na daji. Gaskiya ne, amma ba almubazzaranci ba ne. Irin waɗannan gidaje na bakin tafki sun kai kusan rabin miliyan a ƙasar, kuma da yawansu gado ne. Wanda ya shiga dangi, gyaran ya hau kansa.

Ruwa ne ke cin gidan. Gungumen da ke ƙasa shi ke fara ruɓewa, saboda feshin ruwan sama da ƙasar da ke taruwa a gindin bango. Sai a ɗaga ginin da jak, a zare ruɓaɓɓen, a sassaƙa sabo daidai gurbinsa. Babban kuskure shi ne shafa fentin roba: yana kulle danshi a ciki, waje na ƙyalli, ciki na zama gari. Jan fentin gargajiya dafa shi ake yi: ruwa lita 50, garin ruis (wani hatsi mai kama da alkama) kilo 4 da rabi, gishirin ƙarfe kilo 2, jar ƙasa kilo 8, a kan wuta awa biyu zuwa uku ana juyawa. Yana barin katako ya sha iska, in ya koɗe a goge da buroshi a sake shafawa, kamar yaɓen katanga. Kafin hunturu kuma dole a zuƙe ruwan famfo tas, don in ya daskare yana kumbura ya fasa bututu.

Ƙauyukan ma da gidajen suke rayuwa. Kantin gari da kafinta da mai sayar da itace, cinikin watan Yuni zuwa Agusta ke riƙe su. Gidan mai zane Pekka Halonen na bakin tafkin Tuusula, wanda aka gama a 1902, yau gidan tarihi ne da baƙi ke biyan kuɗi su shiga.

Batun ɗakin gumi, wato sauna, ɗaki mai zafi da ake shiga a yi gumi kafin wanka, da ake ta yi mana gori a kai, maza daban suke shiga, mata daban, kuma namu da wando ko zane suke shiga. Surukan sun san ba a ɗora alade a kan wayar gashi ɗaya da namanmu. Yara na gaida manya da Hausa, ko da harshen ya ɗan karye. Abin da ke ba mu wuya a can lokutan salla ne, don a watan Yuni dare ba ya yin duhu sosai, amma wannan ba wanda ya taɓa tambayarmu daga gida.