Zinari yana ƙarewa kuwa? Bayani kan kalmomin albarkatun ƙasa

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a Anka. A rediyo ina jin "albarkatun ƙasa", wani lokaci "ma'adinai", wani lokaci kuma "albarkatu masu ƙarewa". Duk abu ɗaya ne? Ɗalibaina sun ce tun kakanni ake haƙar zinari, ga shi bai ƙare ba.

Amsa: Malam, ba ɗaya ba ne. Albarkatun ƙasa ta haɗa komai da Allah ya ajiye don amfanin mutane, tun daga ruwan dam ɗin Bakolori da kifin Argungu har dazuzzuka da ƙasar noma. Ma'adinai wani sashe ne a ciki, wato abin da ake haƙowa, irin su zinari, dalma, kuza da kwal. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya ɗora ikonsu, har da man fetur da gas, a hannun gwamnatin tarayya, ko da a gonar mutum aka same su.

Kalmar "mai ƙarewa" kuwa ba ruwanta da yawa ko ƙaranci. Abin dubawa shi ne, in an ɗebe, wani zai maye gurbinsa a zamaninmu ko na jikokinmu? Kifi yana hayayyafa, itace yana tohowa bayan sara. Dutsen da ke ɗauke da zinari kuwa miliyoyin shekaru ya ɗauka kafin ya samu, wanda aka daka aka wanke ya tafi ke nan. Ka tambayi ɗalibanka dalilin da ya sa masu haƙa suke barin rami su koma wani, ko su ƙara nutsawa ƙasa. Ramukan da aka watsar, waɗanda ke cika da ruwa da damina, su ne amsarsu.

Kishiyar kalmar ce ake yawan kuskure a kanta. Na fi son a ce "mai sabuntuwa" maimakon "marar ƙarewa", domin dajin da ake sara ana yin gawayi ba hutu zai ƙare, haka kifin da ake kamawa da koma mai ƙananan idanu. Hasken rana da iska ne suka cancanci "marar ƙarewa".

Kada ka rufe darasin ba ka ambaci dalma ba. A 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinari mai haɗe da dalma a cikin gidaje, kuma yara sama da 400 suka rasu. Zinarin an sayar, amma dalmar ta zauna a turɓayar tsakar gida, sai da aka kwashe ƙasar aka zuba sabuwa.