Wasan samame a kan tebur: yaya mutum 6 za su kara da 20 wasa ya yi daɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Yantala, nan Yamai. Na ga bidiyon wasu suna jera ƙananan sojojin roba a kan tebur, ga gidaje na kwali, suna jefa ɗan ludo suna yaƙi. Na sayi irin sojojin, muka gwada a fadarmu: zaratan sojoji 6 za su kutsa wani gida su ceto mutumin da aka yi garkuwa da shi, masu gadi 20 suna tsare da shi. Muka ce ɗan samame yana samun abokin gaba idan ya jefa 3 zuwa 6, mai gadi kuwa sai ya jefa 6. In muka warwatsa masu gadin, ƴan samame su cinye su tas. In muka tara su wuri ɗaya, kafin zagaye huɗu ƴan samamen sun ƙare. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, don ka riga ka gano inda matsalar take da kanka. Mu fara da lissafi. Daga 3 zuwa 6 fuska huɗu ke nan cikin shida, wato kashi biyu bisa uku. Mutum 6 suka yi harbi, a ƙiyasi 4 za su samu. Masu gadi in suna fitowa bibbiyu ko uku-uku, kafin su ɗaga bindiga sun faɗi. In kuma ka tara su, 4 sun faɗi saura 16, kowane yana da sa'ar ɗaya cikin shida, wajen harbi 3 za su shiga. Rabin rundunarka ya tafi tun a zagayen farko. Ko ka yi ta sauya lambobin nan, ɓangare ɗaya zai ci gaba da danne ɗaya, domin kun ɗora wasan a kan wa ya fi kashe wani.

Samame kuwa da agogo ake auna shi. Dubi Mogadishu, ran 3 ga Oktoba 1993. Sojojin Amurka sun shiga kama wasu manyan mutanen Janar Aidid, aikin da aka tsara ba zai wuce kamar awa guda ba, kuma sun kama su. Amma aka harbo musu jirage biyu masu saukar ungulu, suka tsaya ceton ƴan uwansu, gari ya taso musu, aka kwana ana ɗauki ba daɗi. Sojojinsu 18 suka mutu, ƴan Somaliya ɗaruruwa, bayan ƴan watanni Amurka ta janye. Da yawan gawa ne ma'auni, da an ce sun yi nasara. A samamen da Amurka ta kai wa Osama bin Laden a Abbottabad ta Pakistan a 2011, duk aikin bai wuce kamar minti 40 a ƙasa ba. Ƙaramar runduna, komai ƙwarewarta, tana da ɗan lokaci ne kafin yawa ya rinjaye ta, kuma wannan ɗan lokacin shi za ku ɗora a kan teburinku.

Saboda haka ku fara gyara yadda ake ci. Kashe mai gadi ba ya kawo maki ko ɗaya. Ƴan samame suna ci ne idan sun fitar da mutumin da ransa zuwa gefen teburin da aka zaɓa tun farko kafin zagaye 10 ya cika, kuma ba su rasa fiye da mutum 2 ba. Mai riƙe da masu gadi ba sai ya gama da kowa ba, jinkiri kawai yake nema: ya toshe lungu, ya ja da baya ya sake tsayawa, ya sa a ɓata zagaye guda a bakin ƙofa. Nan take za ka ga mai gadin da ba ya iya harbi ya zama mai amfani.

Sai amo, wanda a wurina shi ne zuciyar wasan. Ku aje kofin shayi a gefe da ɗan wake. Ɗan samame in ya yi sanɗa yana tafiya santimita 10 ba amo. In ya ruga yana cin santimita 20, amma a jefa wake 1 a kofi. Ɓalle ƙofa wake 2, harbi wake 3, bindiga mai toshe ƙara wake 1. Muddin waken bai kai 10 ba, masu gadi ba su san da kowa ba, kuma mai su ba ya da ikon juya su yadda yake so: a jefa ɗan ludo, 1 ko 2 mai gadi ya tsaya, 3 ko 4 ya ci gaba da sintirinsa, 5 ko 6 ya juya. Da waken ya cika, gida ya farka, mai su ya karɓi ragama, kuma kowane zagaye ya jefa ɗan ludo, in 4 zuwa 6 ta fito ƴan ɗauki 3 su shigo ta bakin hanya. Ka ga ke nan ba sai ka zuba mutum 20 tun farko ba. Fara da 8, sauran suna tafe. Yanzu mai samame yana tsakanin abu biyu: sanɗa tana cin zagaye, gudu yana cika kofi. A Entebbe ta Yuganda a 1976, sojojin Isra'ila sun zo da baƙar Marsandi don a ɗauka wani babba ne, amma aka yi harbi da masu gadi tun kafin su isa ginin, dole suka bar dabara suka ruga. Sun ceto mutum sama da 100, amma daga wannan harbin komai ya koma gaggawa. Kofin wake abin da yake kwaikwayo ke nan.

A dara kowa yana ganin ƴaƴan abokin karawarsa, shi ya sa ƙwararre ke lissafa gaba. Nan kuwa dole a ɓoye. Ku tara marafan kwalba, ku rubuta a cikinsu: wannan masu gadi 2, wannan ba kowa, wannan mutumin da ake nema, wannan mace da yara. A kife su cikin ɗakuna, ba a buɗewa sai ɗan samame ya leƙa. Wanda ya yi harbi cikin ɗaki bai duba ba, ya samu farar hula, ya faɗi wasan nan take. Ina son wannan doka ƙwarai, don tana koya wa mai wasa riƙe hannu. In kun kai ku uku, ɗaya ya zama alƙali, ya riƙe sirrin ɓangarorin biyu. Alƙali tsohon abu ne a wannan fanni: wasan yaƙin da wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furushiya, tsohuwar masarautar Jamusawa, a 1824 da alƙali ake yin sa, da taswira da ƴan ludo, kuma da shi aka riƙa horar da hafsoshi.

To ina ƙwarewar zaratan take? Kada ka zuba ta duka a harbi. Ba su ikon fara motsi idan an yi kiciɓis, kuma kada su tsorata da wuri, alhali masu gadi in mutum 2 suka faɗi a gabansu sai sun jefa 4 zuwa sama kafin su sake ɗago kai. Akwai ƙa'idojin wasa na sayarwa mai suna Force on Force, inda kowa ke neman 4 zuwa sama, amma sabon shiga yana jefa mai fuska 6, ƙwararre mai fuska 10 ko 12. Sa'ar ta tashi daga kashi 50 zuwa 70 ko 75 cikin ɗari. Tazarar ba ta kai ninki huɗun da kuka sa ba. Da ɗan ludo na gida, gwada 3 zuwa 6 ga ƴan samame, 5 ko 6 ga masu gadi, wanda ke bayan katanga kuma a rage wa mai harbinsa fuska ɗaya.

Wanda aka harba kada a ɗauke shi daga tebur kai tsaye. A kwantar da shi, a jefa: 1 ko 2 ya rasu, saura rauni ne, sai wani ya ɗauke shi, tafiyarsu ta koma rabi. Ku kuma tanadi ƴan takardun tsautsayi a ja ɗaya a tsakiyar wasa, kamar rediyo ta mutu ko motar ɗauka ta makara. A Iran a 1980 jirage 8 masu saukar ungulu suka tashi ceton Amurkawa, ƙura da lalacewar inji suka bar 5, ana bukatar 6, aka fasa aikin tun ba a isa Tehran ba.

Game da teburin, in sojojinka ƙanana ne masu tsawon kamar santimita 2 da rabi, ma'auninsu 1 bisa 72 ne. Tebur mai santimita 120 ya zama mita 86 kacal, alhali Kalashnikov tana kai mita 300 da saiti. Don haka ku bar auna nisan harbi, abin tambaya shi ne ana ganin mutum ko ba a gani. Sunkuya ka sa ido daidai kan sojan ka duba. Tebur fili fetal yana kashe wasa. Ginin gidajenmu ya dace sosai: zaure, katanga, tsakar gida, rumbu, lungu mai kwana. Falanki ɗaya daga kasuwar Katako, kwali, gam da rairayi sun isa. Katangar mita 2 da rabi santimita 3 da rabi ce a kan tebur.

Abu biyu nake roƙonka. Kada a sa ko dala a kai, kada wasan ya koma caca. Sannan ku ƙirƙiri garinku da sunansa, kada ku kwaikwayi wani bariki ko gini na gaske a halin tsaron da muke ciki, kada kuma ku buga harin da aka kai wa sojoji a Inates a 2019 ko na Shinagodar a 2020. A fada ɗaya ana iya samun wanda yayansa ya kwanta dama a can.

Lambobin da na ba ka mafari ne. Ku buga sau biyu kuna musayar ɓangare, ku rubuta zagayen da kofi ya cika da zagayen da aka fita. In ƴan samame suna fita tun a zagaye na 6, rage waken zuwa 8. In ba sa ko isa ɗakin, ƙara musu zagaye 2. Lamba ɗaya za ku riƙa taɓawa a kowane gwaji, don ku san wadda ta kawo canjin.