Tambaya da Amsa: Wai zaɓen da ake jera 'yan takara biyar ɗin nan ba maguɗi ba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ɗan zangon Kumasi ne amma na daɗe a Bronx cikin birnin New York, ina tuƙin tasi, Alhamdulillahi na samu takardar zama ɗan ƙasa har ina zaɓe. Abun da ya sa na rubuto maka shi ne musun da muke tafkawa bayan isha'i a ƙofar masallaci kan wannan tsarin da suka kawo na zaɓen fidda gwani, wanda maimakon ka zaɓi mutum ɗaya sai a ce ka jera har biyar, na ɗaya na biyu har ƙasa. Wani dattijo a cikinmu ya rantse maguɗi ne, wai ta ya mutum ɗaya zai yi ƙuri'a biyar, kuma wai wanda ya zo na biyu yana iya tsallake na ɗaya ya ci. Ni dai mutum ɗaya nake dangwalawa in yi gaba. Yanzu kuma ƙanina da ke wani gari ya ce su ma ana maganar kawo masu shi, yana tambayata ya goyi baya ko a'a. Don Allah a warware mana.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya tsare hanya Ya sa albarka a neman. A gaida Baba, a gaya masa tsoronsa ba na banza ba ne, zan zo kan inda yake da gaskiya. Amma maganar ƙuri'a biyar ɗin kam ba haka take ba.

Ka ɗauka ka aiki yaro kasuwa ka ce ya sayo maka naman rago, in babu ya sayo na akuya, in shi ma babu to ya kawo kaza. Kuɗi ɗaya ka ba shi, abu ɗaya zai dawo da shi, abin da ka yi kawai ka hutar da shi komawa gida ya sake tambayarka. Haka ƙuri'arka take, guda ɗaya ce tal. Da farko ana ƙirga na ɗayan kowa. In wani ya haura rabi shi kenan an gama. In babu wanda ya haura sai a cire wanda ya zo kurar baya, a ɗauko takardun waɗanda suka sa shi a na ɗaya a duba wa suka sa a na biyu, a miƙa masa ƙuri'un, a sake lissafi, haka za a yi ta yi har a rage mutum biyu. Muddin gwaninka na ɗaya yana cikin fili ba wanda zai taɓa na biyunka, don haka sa wani a na biyu ba ya rage wa naka komai, wannan shi ne abin da na ga mutanenmu sun fi rikicewa a kai.

'Yan'uwanmu na Nijar za su gane abin da sauri, don su sun san zagaye na biyu: an yi zagayen farko a Disamban 2020, ba wanda ya haura rabi, aka koma a Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. To wannan ɗin kamar a haɗe zagayen duka ne a takarda ɗaya a rana ɗaya. New York ma da can tana yin zagaye na biyu a zaɓen fidda gwani na manyan kujerun birni in ba wanda ya kai kashi 40, a 2013 an yi irinsa kan kujerar mai kare haƙƙin jama'a, aka kashe kusan dala miliyan 13 kuma mutane ƙalilan suka fito. Yana cikin abin da ya sa a 2019 masu zaɓe sama da kashi 70 suka amince da sabon tsarin, aka fara amfani da shi a duk birnin a 2021. Ka lura kuma a garinku fidda gwani ne da zaɓen cike gurbi kawai ake yi da shi, babban zaɓen Nuwamba yana nan yadda yake, mutum ɗaya ake zaɓa.

Yanzu inda Baba yake da gaskiya. E, wanda ya zo na biyu a ƙirgan farko yana iya ci, kuma ya faru. A Oakland ta jihar Kalifoniya a 2010 Don Perata ne kan gaba a ƙirgan farko da tazara mai kyau, amma da aka bi na biyu da na ukun mutane sai Jean Quan ta wuce shi da ɗan kaɗan ta zama magajiyar gari. Magoya bayansa sun ji zafi sosai. Ni dai a ganina ba a zalunce shi ba, mutum ne da kusan kashi ɗaya cikin uku suka sa a gaba amma sauran da aka tambaye su tsakaninsa da ita sai suka ce ita. In mutum ɗari suna zaɓen shugaban ƙungiya, wani ya samu 35, sauran 65 suka rarrabu kan mutum huɗu amma duk sun haɗu a kan ba sa son mai 35 ɗin, shin adalci ne ya shugabance su? Wannan tambayar ce ta haifi tsarin gaba ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne zaɓen magajin garin Burlington a jihar Vermont a 2009, kuma masu tallan tsarin ba sa son a tsaya a kansa. Manyan 'yan takara uku ne, Kurt Wright na Republican, Bob Kiss na jam'iyyar Progressive, da Andy Montroll na Democrat wanda yake tsaka-tsaki tsakaninsu. Montroll ne na uku a ƙirgan farko sai aka cire shi kafin zagayen ƙarshe, Kiss ya ci. Da aka zauna aka bi takardun sai aka ga da za a gwada Montroll da Kiss su biyu kaɗai da Montroll ya ci, a gwada shi da Wright ma da ya ci, wato mutumin da ya fi kowa karɓuwa shi aka fara kora a cikin su ukun saboda mutane da yawa na biyu suka ajiye shi. Shekara ta zagayo a 2010 mutanen garin suka soke tsarin, sai bayan shekara goma da wani abu suka dawo da shi. Ba kullum hakan ke faruwa ba, da wuya ma, amma duk wanda ya ce maka tsarin ba shi da aibi to talla yake maka.

Sai kuma maganar ƙirga. Kai da kake can ka tuna Yunin 2021, hukumar zaɓen birnin ta fitar da sakamako sannan ta janye saboda ta manta ƙuri'un gwaji kusan 135,000 a cikin kwamfuta, aka yi ta jira har cikin Yuli kafin a san Eric Adams ya ka da Kathryn Garcia a fidda gwanin kujerar magajin gari. Kuskuren ma'aikata ne ba na tsarin ba, amma talaka da ke kallon talabijin bai san wannan bambancin ba, shi dai ya ga an faɗi lamba an canza, kuma mu da muka taso inda in sakamako ya kwana ake fara zargi ai ba sai an yi mana bayani ba. A Oakland a 2022 abin ya fi haka muni, kuskuren saitin na'ura ya sa aka ayyana wanda ba shi ya ci ba a wata kujerar hukumar makarantu, sai daga baya aka gano har kotu ta gyara. Irin waɗannan ne 'yan adawa ke riƙewa, jihohi kamar Florida da Tennessee ma tun 2022 suka haramta shi gaba ɗaya, wasu suka bi su. A gefe guda kuma Ostareliya tun 1918 da shi take zaɓen majalisar wakilanta, San Francisco tun 2004, Minneapolis tun 2009, ba su fasa ba.

Amma ɗan'uwa abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne inda ka ce mutum ɗaya kake dangwalawa ka yi gaba. Doka ba ta hana ba, ƙuri'arka tana nan da ranta har lokacin da za a cire gwaninka, daga nan kuma ta mutu, ba ta da inda za ta je. A wancan zaɓen na 2021 tazarar Adams da Garcia ƙuri'a 7,000 ce da 'yan kai, alhali takardu kusan 140,000 ba su kai zagayen ƙarshe ba don masu su ba su sa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ka auna waɗannan lambobin biyu. Kuma su wa suka fi faɗawa wannan ramin? Tsoron da ake yi tun farko shi ne irin su Baba ne, dattawa da baƙi da waɗanda Turanci bai zauna masu ba, shi ya sa wasu kansiloli suka je kotu a ƙarshen 2020 suna neman a jinkirta har a wayar da kan jama'a, kotu ba ta ba su ba. Wallahi wannan yana ci mini rai, don direban da ya kwana kan titi ya bar aiki ya je ya bi layi bai kamata ƙuri'arsa ta mutu a hanya saboda ba wanda ya zauna ya nuna masa takardar da yarensa ba.

Kuma ka ga yadda waɗanda suka gane shi suke cin moriyarsa. A 2025 Zohran Mamdani da Brad Lander, Musulmi da Bayahude, suna neman kujera ɗaya ta magajin garin New York amma kowa ya fito ya ce wa mutanensa ku sa ni na ɗaya ku sa shi na biyu. Mamdani yana gaban Andrew Cuomo tun ƙirgan farko, da aka raba ƙuri'un sauran ya tashi da kusan kashi 56. A tsohon tsari da sai dai a matsa wa ɗayansu ya janye kar a raba ƙuri'a, ko a ce maka kar ka ɓata ƙuri'arka kan wanda ba zai ci ba. Wannan ne ya sa ni nake goyon bayan tsarin a inda 'yan takara suka yi yawa, kana iya bin zuciyarka a na ɗaya ka bi lissafi a na biyu.

Ƙaninka kuwa kafin ya ce e, ya je taron da ake yi ya tambaye su abu biyu: nawa aka ware don koya wa mutane kuma da waɗanne yaruka, sannan kwana nawa za a ɗauka kafin a fitar da ƙirgan kowane zagaye a fili yadda kowa zai iya bi. In sun amsa da kyau ya goya baya, in suna kame-kame ya ce a dakata tukuna.

Kai kuma in fidda gwani ya sake zagayowa ka nemo samfurin takardar ka kai ƙofar masallacin. Sunaye ne a jere ta hagu, layi biyar a tsaye ta dama, kowane layi ƙwai ɗaya, wato ɗan da'irar da ke daidai sunan wanda ka zaɓa, za ka cike. Kar a cike ƙwai biyu a layi ɗaya, kuma sa mutum ɗaya a duk layi biyar ba ya ƙara masa komai, daidai yake da ka sa shi sau ɗaya. Wanda ba ka so ko kaɗan kar ka sa shi ko a na biyar. Ka fara da Baba, ka riƙe masa takardar ya cike da hannunsa.