Shin Bairos ɗin da ke Cikin DNA Ɗinmu Yana Jawo Sankarar Mama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayata ta rasu sakamakon sankarar mama, kuma an turo mini saƙo a WhatsApp cewa akwai bairos da ke ɓoye a cikin DNA ɗinmu mai jawo wannan ciwo, wai har yana bin nono ya shiga jikin jariri. Ina shayar da 'yata mai wata biyar, shin in yaye ta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yayarki da rahama. Kada ki yaye 'yarki saboda wannan saƙo.

Gaskiya ne cewa kusan kashi 8 cikin ɗari na DNA ɗin ɗan Adam, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, ragowar wasu bairos ne da suka shiga ƙwayoyin haihuwa tun zamanin da ya shuɗe, aka yi ta gadonsu. Yawancinsu sun lalace, har ma ɗaya ya zama abin amfani, domin daga gare shi sinadarin syncytin da ke taimakawa wajen ginuwar mabiyiya ya samo asali.

Maganar nono kuwa daga ɓeraye ta taso. A 1936, John Bittner a Amurka ya ɗauke 'ya'yan ɓerayen da sankarar mama ta yi yawa a danginsu, ya ba wasu uwaye suka shayar da su, sai ciwon ya ragu ƙwarai a cikinsu. Daga baya aka gano cewa wani bairos na ɓeraye da ke bin nono, mai suna MMTV, shi ne ke jawo musu ciwon. A 1995 masu bincike a makarantar likitanci ta Mount Sinai da ke New York suka ce sun ga alamar makamancinsa a kusan kashi 38 cikin ɗari na samfuran ƙarin sankarar maman mata da suka gwada, amma wasu ɗakunan bincike sun nema ba su samu ba, kuma ɗan burbushin DNA ɗin ɓera kaɗai ya isa ya gurɓata irin wannan gwaji. Haka nan ana ganin HERV-K, ɗaya daga cikin waɗancan bairos namu na gado, yana farkawa a cikin ƙarin sankarar, sai dai har yau ba a tabbatar shi ne ke kunna ciwon ba.

Shayarwa kariya ce gare ki: nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2002 ya nuna kowace shekarar shayarwa na rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin ɗari. Abin da ya fi damuna shi ne rasuwar yayarki, musamman idan ciwon ya same ta da ƙuruciya, domin akwai sauye-sauyen gado a ƙwayoyin halitta irin BRCA1 da BRCA2 da ke ƙara haɗarin wannan ciwo a cikin dangi. Ki je asibiti ki faɗa wa likita shekarunta lokacin da ciwon ya bayyana, a duba ki.