Ku Tambayi Hajiya: Tarin Hunturu da Shayin Citta

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni koko da ƙosai nake sayarwa a Aboabo, tun kafin asuba ina gaban wuta. Tunda hunturun nan ya shigo tari ya sa ni gaba, maƙogwaro kamar an zuba min yashi, da dare ba barci. Maƙwabciyata tace in dafa prekese, ɗan itacen nan mai ƙamshi da ake sawa a miya, da citta, wata kuma tace ganyen darbejiya. Dan Allah wanne zan bi? Daga 'yarki a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ki samu ɗanyar citta misalin babban yatsanki ki daddaka, ki jefa kanumfari 3 ko 4, kimba guda ɗaya ki fasa ta, ruwa kofi biyu, ki bari ya tafasa kamar minti 10 a rufe. In kin sauke ki bari ya ɗan huce sannan ki sa zuma cokali ɗaya ki matsa lemun tsami kaɗan. Safe da dare ya isa. In kina da na'a-na'a ki tsinka ki zuba, ƙamshi ne ya ƙaru.

Abin da yake aiki a ciki yawanci ɗumin ruwan ne da zumar, ruwan ɗumi yana sassauta majina ita kuma zuma tana lulluɓe maƙogwaro ƙaiƙayin ya lafa, shi yasa ko a Ingila hukumomin lafiya suke cewa a fara gwada zuma kafin a nemi maganin antibayotik in tarin mura ne. Sai dai ki san inda za ki sayi zumar, don wadda ake yawo da ita a kwalba wani lokacin sukari ne aka dafa, ki nemi amintacce cikin masu kawowa daga arewa. Prekese kuwa ba laifi, ki sa ɗan guntu in kina son ƙamshinsa, amma ni a miya na fi yarda da shi. Darbejiya ki bar ta a bishiyarta, ɗaci ne kawai za ki sha, kuma ba a ba yara ko mai ciki. In kina da olsa kar ki sha haɗin nan da cikinki wayam, citta da lemun tsami za su tayar miki da ita.

Toh amma 'yata maganar gaskiya ba shayi ne zai raba ki da tarin nan ba muddin kina shaƙar abin da ke kawo shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura tun daga Sahara ta sauke mana, ga hayaƙin itace da gawayi, ga man suya, duk a ƙirji ɗaya. Ki juya murhunki yadda iska za ta kai hayaƙin gaba ba fuskarki ba, ki rufe hanci da mayafi ko takunkumi da sassafe, kuma dan Allah ku daina hura wuta da leda ko roba, wannan ɗabi'ar ta yi yawa a zango, hayaƙinta guba ne wallahi. Da dare ma a rage kunna maganin sauro da turaren wuta a ɗaki rufe, gidan sauro ya fi.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Ni makanike ne a Suame Magazine. Tari ya fi wata ɗaya yana damuna, ina zufa da dare har riga ta jiƙe, wandona ma ya fara min yawa. Ina shan ataya da citta da habbatus sauda, na kuma sayi wani magani na kwalba wajen masu talla a tasha amma shiru. Wane ganye zan ƙara?

AMSA: Ɗana babu ganyen da zan ƙara maka. Gobe da safe ka ajiye sufana ka tafi asibiti, Komfo Anokye ko Manhyia ko duk asibitin gwamnati da ya fi maka kusa, ka ce a gwada majinarka. Tarin da ya kai sati biyu, ga zufar dare, ga rama, alamomin tarin fuka kenan wato tibi, ban ce shi ne ba, gwaji ne zai faɗa, amma ba a zama a gida da irin wannan. Maganin tibi kyauta ne a Ghana, ana sha wata 6 kuma ana warkewa sarai, matsalar mutanenmu ita ce da an ji sauƙi bayan wata biyu sai a watsar, daga nan ƙwayar cutar ta yi taurin kai maganin farko ya daina kama ta. In an tabbatar kana da shi ka kai iyalinka da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya su ma a duba su, ta iska ake ɗauka, ba ta kwano ko cokali ba, kuma ba abin kunya ba ne ba sammu ba ne.

Kwalbar tasha kuwa, in babu lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, a jiki ka zubar. Ni ba na raina maganin gargajiya, ƙasar nan tana da cibiyar binciken maganin itatuwa a Mampong Akuapem tun 1975, jami'ar KNUST a nan Kumasi ma tana horar da masu maganin ganye da digiri, wasu asibitocin gwamnati har da sashensu. Wannan daban, mai lasifika a bakin mota da ke cewa kwalba ɗaya tana maganin tari da basir da sanyin mara daban. Kuma kar wani abokin aiki ya miƙo maka sirop mai kodin, tun 2018 aka hana shi saboda yadda ya lalata samari. Shayinka na citta ka ci gaba da sha in yana maka daɗi, amma tare da maganin asibiti, ka kuma gaya wa likita duk abin da kake sha.

TAMBAYA: Hajiya jaririna wata 8 yana tari, kakarsa tace a lasa masa zuma. Daga Asawase.

AMSA: A'a 'yata, ki ba Kaka haƙuri cikin ladabi. Ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara ɗaya, tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, har ta kashe masa jiki. Shayin kayan yaji ma ba nasa ba ne. Ki yawaita ba shi nono. In kin ga numfashinsa yana sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, ko zazzaɓi, ki ɗauke shi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, limoniya ba ta jira.

TAMBAYA: Ni dattijo ne mai hawan jini, busasshen tari ya ƙi barina tun da aka canja min magani, na sha citta har na gaji.

AMSA: Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya, ku duba kwalin maganin. In kun ga lisinopril ko wani mai ƙarewa da pril, an san su da sa irin wannan tarin, ba majina sai ƙaiƙayi. Kar ku daina sha da kanku, ku koma wurin likitan da kwalin a hannu, akwai wani da zai musanya muku.