Ga mai neman gurbin karatu: gyara sashen lamba da imel a shafinka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Na buɗe shafin da ka gina don nuna ayyukanka ga jami'o'in ƙasashen waje da kake neman gurbin karatun kwamfuta a cikinsu, na kuma ga tambayarka kan yadda za ka tsara sashen tuntuɓa da CSS, yaren da ke tsara kamannin shafin intanet. Ayyukan ba laifi. Amma sashen nan, gaskiya sai an sake shi.

A kwamfuta ya zauna daram. A waya kuwa imel ɗinka ya zarce bakin allo, sai an ja shafin gefe kafin a ga ƙarshensa, lambar wayar kuma ta karye gida biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Wanda zai duba shafin nan malamin jami'a ne ko ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai, ga tarin takardu a gabansa. Ba zai tsaya yana harhaɗa lambarka ba, wucewa zai yi.

Tushen matsalar shi ne tebur da ka jera bayanan a ciki. Haka ake yi a shekarun 1990. Håkon Wium Lie ya kawo shawarar CSS a 1994 yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet kuma ta fitar da matakinsa na farko a Disamba 1996, duk don a raba ma'anar rubutu da kwalliyarsa. Saboda haka ka fara da HTML, yaren da ke ɗauke da rubutun da ma'anarsa. Akwai alamar `address` da aka tanada don bayanan tuntuɓar mai shafi. Burauza takan karkatar da rubutun da ke cikinta, sai ka miƙar da shi da `font-style: normal`. A ciki ka sa jerin `dl`, inda `dt` zai ɗauki kalmar "Imel" ko "Waya", `dd` ya ɗauki ainihin bayanin. Lambar ta zama mahaɗi mai farawa da `tel:`, imel kuma da `mailto:`, yadda taɓawa ɗaya za ta buɗe kira ko wasiƙa.

Lambar ka rubuta ta da alamar + da lambar ƙasa a gaba, ka cire sifilin farko idan tsarin ƙasar haka yake. Daga nan inda nake, lambar da ka sa yanzu ba za ta shiga ba ko kaɗan.

Sai jerawa. Tun 2017 Chrome da Firefox da Safari suka karɓi Grid, tsarin CSS na jera abubuwa a layukan kwance da na tsaye, don haka ba ka da hujjar wahalar da kanka da `float`. Ka ba jerin `display: grid` da `grid-template-columns: max-content 1fr`. Layin tsaye na farko zai tsaya iya faɗin kalma mafi tsawo, na biyu ya cinye sauran wurin. Ka sa `gap` don tazara, sannan ka mayar da `margin` na `dd` sifili, domin burauza tana tura shi ciki da fikisel 40 ba tare da ka ce ba. Wannan ƙaramin abu kan sa mutane su kwana suna neman inda layi ya goce. Idan allo ya ƙuntata, ka yi amfani da `@media` ka mayar da su layin tsaye ɗaya, suna a sama bayani a ƙasa. Lambar waya ka ba ta `white-space: nowrap` don kada ta karye, imel mai tsawo kuma `overflow-wrap: anywhere` don ya sauko layi na gaba maimakon ya tsere waje. Duk wannan ba zai yi aiki yadda ya kamata a waya ba sai ka sa alamar `viewport`, mai daidaita shafi da faɗin allo, a kan shafin, kuma na duba babu ita.

Launin toka mai haske da ka zaɓa a kan fari yana da kyan gani a ɗaki, amma a cikin rana ɓacewa yake yi. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don masu buƙata ta musamman su iya amfani da shafuka, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1. Bugun 2.2 da ya fito a 2023 ya nemi wurin taɓawa ya kai fikisel 24 tsawo da faɗi, Apple ma 44 take ba da shawara. Ƙara `padding` zai wadatar. Kuma ka rubuta LinkedIn da GitHub da haruffa kusa da tambarinsu.

Inda zan fi tsawata maka shi ne dabarar ɓoye imel. Na ga ka zuba shi ta `::before` don gudun masu tura saƙonnin banza. Rubutun da CSS ya haifar ba ya kwafuwa: mutum zai ja yatsa a kai, ya liƙa, ya ga wayam. Masu juya haruffan baya da gaba da masu mayar da imel hoto duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ga kuma makafi masu sauraron shafi ta manhajar karatu da ake cuta. A ganina, gara ka sha saƙon banza da ka rasa wasiƙar jami'a. Ka buɗe imel na daban don wannan nema, mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, ka rubuta shi a fili.

Sunanka yana da ƙ, kuma salon harafin da ka ɗauko ba shi da ita, shi ya sa ta fito daban da 'yan'uwanta. Ka canza zuwa wanda ke da ƙ da ɗ da ɓ, irin su Noto Sans, ka tabbata shafin yana kan UTF-8.

Ranar haihuwa da cikakken adireshin gida da ka sa, cire su yau ɗin nan. Gari da ƙasa sun isa, ka ƙara da lokacinku bisa UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, don a san sa'ar da za a same ka idan ana son ganawa ta bidiyo.

Wasu ofisoshin kan adana shafi a PDF. Ka gwada bugawa ka gani, in mahaɗan sun zama kalmomi kawai, ka sa `@media print` ya fito da adireshinsu a gefe. Idan ka gama ka turo mini, zan taɓa lambar daga nan mu ji ko za ta shiga.